Baƙin Gishirin Tafkin Mushe

Da sunan Wanda ya shimfiɗa ƙasa ya ɓoye dukiya a cikinta, ya sa zuma a gidan mai harbi, ya ajiye magani a inda hanci ba ya son zuwa. Ku matso, jama'a, amma wanda bai daɗe da cin abinci ba ya ɗan ja baya. Ni ne Barmo mai turare, mutumin Tudun Marke. Abin da zan faɗa muku idona ya gani, hancina ya shaƙa, harshena kuma, kaico, ya lasa.

Allah ya halicce ni da ƙyanƙyami tun ina ƙarami. Ƙuda ya gitta ta saman tuwo, ni da tuwon nan har abada. Mutum ya yi atishawa a gabas, sai a neme ni a yamma. Ina da ƙoƙona na shan ruwa rataye a ƙusa, ba wanda ke kai shi baki, ko da matata Tabawa. Mutanen gari kan ce da Barmo zai iya, da sai ya wanke ruwa kafin ya sha. Tabawa kuwa ba ta taɓa yi mini gori ba. Ta fi ni sanin abin da ke tayar mini da zuciya, kafin in gan shi ta kawar da shi.

Garinmu a kan dutse yake, maƙoƙo kuma ba baƙo ba ne a wurinmu. Na Tabawa ya fara kamar ƙwan zabuwa, muka ce zai tsaya. Bai tsaya ba. Ya kai goruba, ya wuce, har ya cika mata wuya ya fara danne maƙoshi. Tuwo ya gagare ta sai kunu. In tana numfashi sai ka ji wani siririn fito na fita, kamar iska ta sami hudar kara. Fiton nan shi ya hana ni sakat. Na kira Baba Tunau wanzami, ya lallatsa wurin.

"Barmo, aska ba ta shiga nan," in ji shi. "In na tsaga, jini zai riga ni."

"To, Baba, sai in zuba ido ta shaƙe a gabana?"

"Akwai wata magana da na ji a bakin mahaifina. Ya ce bayan Hamadar Yanyawa akwai ƙasar da ake kira Garzabu, a can akwai wani gishiri mai narkar da maƙoƙo. Ya ga mutumin da ya tafi da nasa kamar tulu, ya dawo da wuya kamar na barewa. Wane gishiri ne cikin gishirinsu, ban sani ba. Amma ka san hanya ce ta ƙazanta, kai kuwa ga ka yadda kake."

Na dubi Tabawa, ta yi mini murmushi, fiton na fita. Abin da ya koro ɓera ya faɗa wuta ya fi wutar zafi. Na rufe shago, na sa kwalbar turarena mafi ƙarfi a cikin hula, na bi ayarin Madugu Jatau mai fataucin gishiri.

Ba zan gajiyar da ku da labarin salkar ruwa mai ɗanɗanon akuya ba, ko na raƙumin da ke waiwayowa ya yi mini gyatsa a fuska kamar da gayya. Abin da ya jawo mini tsiya shi ne wata rijiya a tsakiyar hamada. Muka isa da ƙishirwa, kowa ya kafa kai a guga. Ni na kurɓa kaɗan, na furzar, na ce, "Akwai mushen ungulu a rijiyar nan, kuma ta kwana biyu a ciki." Aka yi mini dariya. Madugu ya sa aka zura mutum da igiya, sai ga shi ya fito da ungulu a hannu, naman na zamewa daga ƙashi. Suka jefar da ita, suka ci gaba da sha abinsu. Ni na koma bayan raƙumi na amayar da abin da ban ma haɗiye ba. Da na ɗago, na ga Madugu na kallona irin kallon da mahauci ke yi wa rago mai ƙiba.

"Mai turare, harshenka na da ido," ya ce. "Ka ji shawara: inda za mu, kada ka faɗa wa kowa abin da ka zo nema sai ka gan shi."

Na yi godiya, ban san ya riga ya gama shawara da zuciyarsa a kaina ba. A bakin iyakar Garzabu kowane ayari sai ya bar wa wani babba da ake kira Sarkin Lasa wani abu kafin a ba shi hanya. Wasu kan bar raƙumi, wasu tufafi. Madugu Jatau ni ya bari.

"Haba, Madugu uban tafiya! Sayar da ni ka yi?"

"Subhanallahi, wane ni! Aro na bayar. In na dawo na tarar da sauran harshenka, sai in karɓe ka."

Ga yadda al'adar ƙasar take. Ba a sara ƙasa da diga sai harshe ya ba da izini. Masu neman ma'adinai su ake kira malasa, kuma da rarrafe suke aiki. Su jeru a fili, gwiwa da hannu, kai a ƙasa, suna lasar ƙasa da duwatsu har a gane abin da ke kwance a ciki. Gishiri da kanwa kan kashe harshe da wuri, shi ya sa kullum suke farautar harshen baƙo. Shugabansu, Sarkin Lasa Kwasau, tsoho ne mai gwiwoyi kamar na raƙumi, harshensa ya tsattsage ya yi fari fat, ko barkono ka sa masa ba zai ji ba. Yana da ɗan maƙoƙo girman lemon tsami, na lura kowace safiya sai ya shafa masa mai yana lallaɓa shi kamar jariri. Ban gane dalili ba a lokacin.

Ranar da aka shigar da ni sana'a aka kai ni gaban wani dutse da suke kira Dutsen Kaka. Duk wanda ya taɓa zama malashi a ƙasar nan, tun kaka da kakanni, sai da ya lashe shi. Tsakiyarsa ta lotsa saboda lasa. Ƙasar ba ta san ruwan sama ba, amma dutsen nan jiƙe yake, yana yauƙi.

"Lasa, ɗana," in ji Kwasau.

"Baba, ba a iya gaishe shi da hannu?"

"Da hannu kake aiki? Lasa."

Na rufe ido, na kira sunan Tabawa a zuci, na lasa. Ban gama farfaɗowa ba sai ga mai wankin harshe da wutsiyar raƙumi guda ɗaya tak, wadda ake tsomawa a fitsarin raƙumi a goge harshen kowa da ita bi da bi, wai don ya farka. Ni ne na ƙarshe a layi.

Haka na shiga rarrafe. Rana ta dafa mini baya, ƙasa ta cinye mini gwiwa. Akwai wasu fararen ƙadangaru girman 'yan maruƙa da ke bin malasa a baya, muna lasar ƙasa suna lasar gumin wuyanmu, ba kuma a korarsu don wai albarka ce. Amma gaskiya ɗaya ce, na koyi sana'a. Kanwa santsi take yi a harshe kamar sabulu. Farar wuta ruɓaɓɓen ƙwai ce. Tama kamar ka ciji leɓenka ka ji jini. Tozali ɗaci ne mai sanyi da ke zama a dasashi har washegari. Kowane gishiri na tarar sai in tsaya a kansa in tambayi kaina ko shi ne, ba ni kuwa da yadda zan sani.

Wata rana a gindin wani tsauni na lashi wani tsagi, na ji gishiri tsantsa, ba ɗaci ba bauri. Na ɗaga hannu, masu diga suka sara. Sai ga gishiri fari ƙal kamar ƙanƙara, kana hango yatsanka ta cikinsa. Kwasau ya rungume ni yana kuka, ya sumbace ni a goshi da bakin nan nasa. Ya ce irin wannan samu, sai an kai mai shi gaban Magajiyar Garzabu ta yi masa kyauta da kanta. Zuciyata ta yi fari. Na ce lalle wannan mai tsabta shi ne maganin, gishirin da ya fi kowane kyau.

Birnin Garzabu da kantun gishiri aka gina shi, raƙuma na lasar katanga, dogarai na korarsu. Amma ba ginin ne ya tsayar da ni ba. Duk wanda na gani da riga mai kyau, da maƙoƙo yake tafe. Wani kamar kabewa, wani kamar tulu, wani biyu ne a jere. Sun yi musu lalle, sun rataya musu tuntaye da 'yan ƙararrawa. A ƙasar nan maƙoƙo shi ne sarauta, girmansa shi ne girman mutum. Mata na nuna ni suna rufe baki don tausayi, wai ga bawan Allah da wuya tsirara. Na ce a raina, Baba Tunau ya aiko ni neman maganin ciwo a garin da ciwon ke sarauta.

Aka shigar da ni fada. Magajiya na zaune, nata maƙoƙon a kan tiren tagulla, bayi biyu na riƙe da shi. Maroƙi na ta kirari: "Mai wuyan da ya hana ta ganin ƙasa! Rumbu a ƙarƙashin haɓa!" Gaisuwarsu kuwa ita ce ka ɗora goshinka a kan maƙoƙon babba. Aka tura ni, na ɗora. Tsohon man shanu da gumi sun taru a lungunan fatar sun yi tsami, warin ya daki ƙwaƙwalwata.

"Baƙo," ta ce, "ka samo mana farin da ya fi fari. Roƙi abin da kake so."

Da ta yi magana sai na ji fito na fita daga maƙoshinta, irin na Tabawa sak. Shawarar Madugu ta fice mini daga kai. Na ga mace ce da ke shaƙewa, na zaci za ta ji tausayin 'yar uwarta.

"Ranki ya daɗe, matata na da irin lalurarki. An ce a ƙasarku akwai gishirin da ke narkar da wannan cuta. Shi nake roƙo."

Baki shi ke yanka wuya. Sai ƙararrawa suka shiga kaɗawa a wuyan fadawa. Kwasau ya dafe ɗan lemonsa da hannu biyu kamar zan ƙwace.

"Lalura?" in ji Magajiya. "Cuta? Allah ya yi wa matarka baiwa, kai kuma ka ƙetaro hamada don ka raba ta da ita? Ku kai wannan mugun wurin 'yan uwansa masu wuyan zalɓe, ya ruɓe a Tafkin Mushe."

Tafkin Mushe teku ne da ya mutu a kwance ba wanda ya binne shi. Tun daga nesa ƙarninsa ke tarbar mutum. Ruwan ya ƙafe ya bar baƙin taɓo, cike da ruɓaɓɓiyar ciyawar ruwa da ƙasusuwan kifaye, wasu haƙarƙarinsu ya isa a yi rumfa, a ciki ma mutanen wurin ke kwana. In ka taka, taɓon ya haɗiye ka zuwa cinya, ya saki wata iska kamar cikin mushe ya fashe. A ƙarƙashin wannan ƙazanta gishiri yake, baƙi ƙirin, mai danƙo. Aikin mutanen tafki shi ne su tono shi, su wanke, su sake wankewa, wanki bayan wanki, har ya yi fari a kai birni. Ko taɓon ba a bari. A zuba shi a kwandon da aka shimfiɗa wa ciyawa, a kwarara ruwa, abin da ya ɗiga a dafa shi a tukunya har ruwan ya ƙone gishiri ya fito. Farin haramun ne gare su, wanda aka kama da shi a bakin ransa. Su baƙin suke ci da yauƙinsa. Dukansu wuyansu siriri ne, kuma kunyarsa suke ji, sukan naɗe shi da tsumma.

Na ƙi cin abincinsu har yunwa ta fara nuna mini taurari da rana. Wanda ya lallashe ni wani dattijo ne da ake kira Ubandoma, tsohon bafade da aka koro daga birni. Wata fata ce ke reto a wuyansa kamar salkar da ruwa ya ƙare, yakan cusa ta cikin riga in zai sunkuya.

"Ci, ɗan'uwa," ya ce, ya miƙo mini ƙwarya. "Ni da ka gani, nawa sai da bawa ya tallafa. Kaf fada ba wanda ya kai ni in ban da Magajiya."

"To, ina ya tafi, ranka ya daɗe?"

"Baƙin ciki ya cinye mini shi. Tun da aka kawo ni nan yake ramewa. Duk bafaden da aka koro haka yake yi. Wulaƙanci ba ƙaramin abu ba ne." Sai ya kama fatar yana hawaye, yana share hanci da ita.

Na kai lomar baki ina toshe hanci. Ƙarƙashin ɗoyin, ƙarƙashin gishirin, harshena ya tsinci wani abu da bai taɓa ji ba a duk rarrafen da na yi: wani ƙarni mai kaifi, kamar ka lashi tsohuwar wuƙa da aka yanka kifi da ita. Na tashi na je wurin wanki, na faki ido na lashi wankakke. Babu shi. Na tsoma yatsa a baƙin ruwan da ake zubarwa, na lasa. Ga shi nan, har yana cizo. Na dubi wuyan masu wanki, na dubi fatar Ubandoma, na tuna mutumin da mahaifin Baba Tunau ya gani. Na zauna daɓas a cikin taɓo ina dariya, ƙuda na shiga bakina ban damu ba.

Na koma na faɗa wa Ubandoma. Ya zazzaro ido, ya ture ƙwaryar da ƙafa.

"Kana nufin wannan ƙazantar ce ta raba ni da girmana? In na daina ci zai dawo?"

"Ina tsammani, ranka ya daɗe."

"Kai, Allah ya yi maka albarka! Ko lami zan ci har in mutu. Faɗi abin da zan yi maka."

Hanyar fita ɗaya ce, Ƙofar Wanki, kuma mai siririn wuya ba ya wuce ta. Sai manyan da kan zo duba aiki su koma. An ce in ka je gari ka ga kowa da wutsiya, kai ma nemi taka ka ɗaura. Muka sami tumbin wata tunkiya da ta mutu a taɓo, muka juye shi, ban ce mun wanke ba, muka ɗura masa baƙin gishiri da yauƙinsa har ya yi tim. Ubandoma ya ɗinke bakin da jijiya, ya ɗaure mini a wuya, ya shafe shi da jar ƙasa da lalle. Ya fito da tsofaffin tuntayensa da ƙararrawa da rigar da ya ɓoye tun ranar da aka koro shi, ya yi mini ado yana ajiyar zuciya. Ni kuma na ciro kwalbar nan daga hula na juye ta duka a kai. Turare da mushe suka haɗu suka haifi wani wari na uku, wanda har yau ba ni da sunansa.

Da hantsi, lokacin da masu duba aiki ke komawa, na bi bayansu ina taƙama, haɓa a sama. Dogaran ƙofa suka ga abin da ke wuyana suka zube. Babbansu ya taso ya ɗora goshinsa don gaisuwa, ya kuwa danna da ladabi. Ɗinkin ya ɗan saki, baƙin ruwa ya tsiyayo masa a kan hanci.

"Ranka ya daɗe," ya ce yana ƙifta ido, "yana zuba."

"Ya nuna ne, kai wawa! Na ubanka ya taɓa nuna?"

Nan take ya nemi gafara. Ya lakaci ruwan ya shafa a nasa ɗan maƙoƙon don neman tabarraki, sauran ma suka yi layi kowa ya lakata. Suka ba ni raƙumi da 'yan rakiya har zangon fatake. A can na tarar da ayarin Madugu Jatau na shirin komawa. Ya faɗi ya gaishe ni, ya ɗora goshi, bai gane ni ba sai da na raɗa masa, "Aron ya dawo, Madugu." Na bar goshinsa ya daɗe a wurin kafin in ce ya tashi.

'Yan rakiyar ba su rabu da mu ba sai a ƙarshen ƙasarsu, ni kuwa ban isa in kwance tumbin a gabansu ba. Kafin su juya ya manne da fatata. Gishiri ya ci wuyana ya yi gyambo, tsutsa ta samu gida a tsakani, ina jin motsinta in na haɗiyi yawu. Da aka ɓamɓare shi na naɗe shi a buhu na rungume, ban yarda kowa ya taɓa ba, ba kuma wanda ya yi sha'awa. Zazzaɓi ya kama ni a hanya. Abin da na iya tunawa na ƙarshe shi ne duwatsun Tudun Marke na rawa a idona, da muryar wani na cewa a riƙe shi zai faɗo.

Na farka a ɗakina. An share, an yi turaren wuta, an wanke mini gyambo an ɗaure, ga ƙoƙona cike da ruwa a gefen shimfiɗa. Tabawa na zaune ta jingina da bango, don kwanciya ta daina yiwuwa gare ta. Ta rame ta zama ƙashi da fata, maƙoƙon ya ƙaru, fiton ya koma kamar kukan ƙofa. Amma fuskarta cike da murna.

"Sannu, Maigida. Kwanaki kana sambatu, gishiri, gishiri." Ta huta ta ja numfashi. "Na buɗe buhun na ga duk ya lalace a hanya. Na san ba ka iya kwana gida ɗaya da wannan ɗoyi. Dubi."

Ta jawo faifai ta buɗe. Gishiri ne fari tas, yana ƙyalli. Macen da ba ta iya ɗaga tulu ba, ta zauna ta wanke shi, wanki bayan wanki, don kada mijinta ya farka ya ji wari.

Ban yi kuka ba, don ba lokaci. Na ce, "Tabawa, ruwan wankin fa?"

"Na zubar ta rariya."

"Tumbin?"

"Na sa an ƙona."

Na miƙe na fita tsakar gida. Gabas ta yi baƙi, hadarin farkon damina ya haɗo, iska ta fara kaɗa ganye. In ruwan nan ya sauka, abin da na ƙetare hamada dominsa zai bi kwari ya tafi. Rariyar gidanmu kuwa a lungu take zubewa, lungun da ruwan wanke-wanken gidaje ke bi, inda awaki ke fitsari, inda masu wucewa ke tsugunawa in ta matse su. A da ko bi ta wurin ba na yi.

Na durƙusa, gwiwa da hannu, na sa harshe a bakin rariya.

Ga shi nan. Ƙarƙashin zarni, ƙarƙashin ruɓaɓɓiyar miya da sabulu, ƙarnin nan mai kaifi na nan a ƙasar da ta shanye shi. Na bi shi da rarrafe, in lasa in yi zane da yatsa, inda babu in wuce. Maƙwabta suka fito. Wata ta ce, "Wayyo, Barmo ya taɓu!" Wani ya ce, "Wannan ba shi ne mai wanke ruwa ba?" Baba Tunau ya ratso taron, ya dube ni, bai tambayi komai ba, ya ce a kawo fartanya da ƙwarya. Ina nunawa yana kankara, har harshena ya ce ya ƙare. Muna shigar da ƙwaryar ƙarshe zaure, ruwa ya ɓarke.

Na yi yadda ake yi a Tafkin Mushe. Kwando, ciyawa, ƙasa, ruwa, na dafa abin da ya ɗiga har tukunya ta ƙafe. Abin da ya fito bai fi cikin tafin hannu ba, toka-toka, mai ɗoyi. Kowace safiya in ɗebi ɗan mitsitsi in sa mata a kunu. Takan toshe hanci ta sha, ni kuwa in tsaya a kanta kamar dogari.

Da gero ya fara fitar da kai, na lura sai na kasa kunne nake jin fiton. Da aka yi girbi ta kwanta a kan haƙarƙarinta ta yi barci har da minshari, ban taɓa jin abin da ya kai minsharin nan daɗi ba. Maƙoƙon ya koma ƙwan zabuwa ya tsaya a nan, gishirin kuma ya ƙare. Ranar da ta haɗiyi tuwo, loma ta wuce ba ta tsaya ba, farin ciki ya rufe ni. Na sauko da ƙoƙona daga ƙusa, na sha, na miƙa mata, abin da ban taɓa yi ba tun da aka ɗaura mana aure.

Ta dubi ƙoƙon. Ta dubi bakina. Ta daɗe tana dubansa.

"Maigida," ta ce, "Allah ya saka maka da alheri, ya biya ka da Aljanna. Amma da idona na ga inda bakin nan ya je."

Ta tashi ta ɗauko nata.

Ƙoƙon na nan rataye a ƙusarsa har yau, kuma kamar da, ba mai kai shi baki sai ni. Iyakar abin da ya same ni ke nan. In na ƙara gishiri a wani wuri, Allah ya yafe mini, kun dai ji inda na samo shi.